Da'irar Kwalli a Ƙafar Mahaifiyarki

Birketiri, Yawunde
Lahadi da hantsi

Zuwa ga 'yata Ummi,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki a duk inda takardar nan ta same ki, ko kina cikin jirgin ƙasa, ko kin riga kin sauka Gaundare kina jiran motar Garwa. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na abin hawa, Ya haɗa ki da abokan zama nagari a makarantar jinya. Na sa ta a cikin dardumar sallarki ne domin na san ita za ki fara ɗaukowa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Ranar Juma'a kina ninke kaya na ce miki gidan Kaka ba shi da nisa da makarantarku. Kika ce, ba tare da kin ɗago kai ba, "Baba, matar da ta cinye ƙafar Mama ba ni da abin da zan ce mata." Na juya na fita. Sau uku tun daga ranar ina zuwa ƙofar ɗakinki ina komawa. Abin da bakina ya kasa shi ne wannan: ba Kakarki ce ta jawo aka yanke ƙafar mahaifiyarki ba. Ni ne. Zan faɗa miki yadda abin ya faru a jere, kuma inda ban da tabbas zan ce ban da shi.

Sai na fara da ganyen, domin in ba ki san shi ba ba za ki gane wautata ba. Kin san tafasa da ake kwaɗo da ita. Kin san rai-ɗore mai warin nan, da filasko da ake sha don wanke ciki. Dukansu dangi ɗaya ne. Tsofaffin littattafai sun sa su a ƙarƙashin sunan Cassia, sababbi sun ware su suna ce musu Senna. Furensu rawaya ne, ganyensu bibbiyu ne a jikin kara, 'ya'yansu a cikin kwanso. Na huɗunsu shi ne wanda ke fitowa a bakin rafin bayan unguwa, mai fure a tsaye kamar kyandir, wanda ake kira dartiriye da Faransanci. Inna, mahaifiyata, wato Kakarki, ba ta san shi a arewa ba. Da ta zo Yawunde wata makwabciya 'yar ƙabilar Ewondo ce ta nuna mata shi. Ta murza ganyen, ta shinshina, ta dubi furen, ta ce, "Wannan ai ɗan'uwan rai-ɗore ne da ya zo ci-rani kurmi ya yi ƙiba." Tun daga nan take kiransa rai-ɗoren kurmi. Shekara ashirin bayan haka na karanta a littafi cewa dangi ɗaya ne, na ja layi a ƙarƙashin jimlar kamar ni na gano.

Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ne ya haifi sauran. Shekara goma sha bakwai ina wanke kwalabe a labo, ɗakin gwaje-gwaje, mutanen Birketiri suna ce mini Dokta ina amsawa. Da na samu damar shiga jami'a da girmana, sai na fara jin kunyar turmin Inna. In abokan karatuna za su zo gida daga unguwar Site Bert ko Tsinga, sai in ce ta kwashe ganyayenta daga tsakar gida. Takan kwashe tana dariya tana cewa, "Dokta zai yi baƙi, a ɓoye tsohuwa da kayanta." Amma ni ɗin ne dai na zauna gabanta da littafi ina tambayarta wane ganye ne na wace cuta, yaushe ake tsinkarsa, yaya ake dakawa. A rubutun da na kammala karatu da shi, wanda aka ba ni digirin lisans a kansa wata biyu da suka wuce, duk abin da ta koya mini na rubuta shi da sunan "wata mai magani a unguwa". Ummi, in wani ya koya miki abu, ko mai shara ce a asibiti, ki riƙa ambaton sunanta. Wanda kika ɓoye sunansa a lokacin yabo, ba zai yi miki wuya ki miƙa shi a lokacin zargi ba. Na gani a kaina.

Yanzu aikin labo. Akan zuba wa ƙwayoyin cuta abinci a farantin gilashi mai murfi, a shafa su a kai, a ɗora 'yar takarda da aka jiƙa da ruwan ganye a tsakiya, a sa a akwatin ɗumi. Washegari, in ganyen yana da ƙarfi, sai ka ga fili fes ya kewaye takardar, da'ira wadda ƙwayoyin suka kasa shiga. Na busar da ganyen dartiriye a inuwa, na niƙa, na jiƙa a alkol, wato sifirit, na tace, na ƙafar da shi har ya yi kauri. Na gwada shi a kan abin da ke kawo makero, wanda dangin fumfuna ne, ya hana shi girma. Na gwada a kan wata ƙwayar cuta da ke kawo maruru, nan ma da'ira ta fito, ko da yake ba ta kai ta maganin asibiti faɗi ba. Na auna da rula na rubuta. Ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba. Na kawo farantin gida a naɗe na nuna wa Inna. Ta juya shi a hasken rana ta ce, "Ya yi kyau. To farantin naka yana da jini? Yana zuwa kasuwa da ƙafa?" Na ce a raina tsohuwa ba ta gane ba.

Ita kuwa tana da nata tsarin, kuma wannan ne nake so ki riƙe ko da kin manta da komai. In aka kawo mata makero ko ƙyasbi ko ƙaiƙayi, sai ta daka ɗanyen ganye ta goga, safe da yamma. Wannan ta ce nata ne. Amma in aka kawo mata rauni mai zurfi wanda gefensa ya yi ja ya kumbura, ba ta sa masa ganye. Sai ta wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ta ɗauko tandun kwallinta, ta zana layi a kan fata daidai inda jan ya tsaya, ta kewaye shi. Ta ce a dawo gobe da safe. In jan bai tsallake layin ba, ta ci gaba da wanki. In ya tsallake ko da faɗin farce ne, sai ta ce, "Ya fi ƙarfina, ku kai wa masu allura." Ba ta karɓar ko goro a kan wannan, kuma ba ta sauya magana ko an yi mata kuka.

Kin tuna daminar da ta biyo bayan rage albashi sau biyu, lokacin da kuɗin magani ya ninka, asibiti kuma sai ka sayi auduga da safar hannu da kanka. Kina da shekara goma sha huɗu. Ranar Talata mahaifiyarki ta fita shanya a bayan gida ta taka tsohon kwanon rufi a cikin taɓo, ya shige ta a tafin ƙafar dama, ƙafar da take taka keken ɗinki da ita. Inna ta wanke, ta zana da'irarta. Laraba jan yana kan layi. Alhamis da safe ya wuce shi da faɗin yatsa biyu.

Inna ta same ni ina ɗaura takalmi ta ce, "Ka kai Habiba asibiti yau. Ya tsallake."

Na ce, "Inna, wannan baƙin abin da kika shafa kusa da rauni shi kansa datti ne."

Ta ce, "Dattin ne ya gaya mini ya tsallake. Ka kai ta."

Na ɗauko auduga da alkol na goge layin tas a gabanta. Na ce daga yau ni zan riƙa wanke ƙafar, kada kowa ya taɓa. Na fito da kwalbar ruwan ganyen nan nawa daga jaka. Inna ta dube ta ta ce, "Wannan na fata ne, Isiyaku. Ciwon nan ya nutse." Ba ta cika kiran sunana ba, kin sani. Na ce mata na gwada shi, na auna, na rubuta. Ta ce, "To, Dokta," ta koma ɗakinta.

Ke ba ki ga wannan ba, kin riga kin tafi lise, makarantarku ta sakandare. Abin da kike gani shi ne Kaka tana daka ganye a tsakar gida da yamma, da kuma kore-kore a jikin bandeji. Ganyen da take dakawa na kan 'ya'yan mai tsiren bakin titi ne, makero ya kama su. Koren da ke bandeji daga kwalbata yake. Ina yin wankin bayan sallar asuba, ƙofa a rufe.

Kada ki ba ni uzuri da kiriz, matsin kuɗin lokacin nan, domin na daɗe ina ba kaina shi kuma ƙarya ne. Ranar Juma'a bayan masallaci Kawunki Bala ya zo daga shagon ɗinkinsa, ya ga ƙanwarsa tana ɗingishi ya ce, "Dokta, in tare taksi? Komai ake bukata ina nan." Na ce ya bari, ina kan abin. Ya ce, "Kai ne mai boko." Gaskiyar ita ce ina so in ga raunin ya warke da kwalbata. Har na fara tsara yadda zan rubuta shi. Ina wanke ƙafar matata ina tunanin fuskar malamaina. Lahadi zazzaɓi ya shigo, na ce na sauro ne, na ba ta ƙwaya. Litinin da Talata Inna ta sake yi mini magana, sau ɗaya kowace rana, a tsaye a bakin ƙofa, na ce gobe. Ranar Laraba, kwana na tara, na kwance bandeji na ga yatsu biyu sun yi baƙi, warin kuma ya cika ɗakin. Ranar ce muka tafi.

A can aka gano tana da ciwon sukari wanda ba wanda ya sani. Ga abin da na fahimta daga baya, kuma za su koya miki shi a aji, amma ki ji shi daga bakina tukuna. Abin da ya hana ƙwaya girma a faranti ba lalle ne ya kai inda take a jikin mutum ba. A faranti magani yana zaune kusa da ita, ba inda za ta gudu. A rauni mai zurfi akwai ƙwayoyi iri-iri, har da waɗanda ke rayuwa inda iska ba ta shiga, kuma ni iri ɗaya kawai na gwada. Ban taɓa ɗaukar mugunyar ƙafar na kai labo ba, alhali nan nake wuni. Mai ciwon sukari kuma jini ba ya isa yatsunsa sosai, rauninsa ba ya jira. Ba zan ce ruwan ganyen ne ya ruɓar da ƙafar ba, ban da hujjar haka. Ba kuma zan rantse cewa da an kai ta ranar Alhamis da an tsira da ita ba. Likitan dai ya ce akwai kyakkyawan zato. Abin da na sani tabbas shi ne kwana shida, daga Alhamis zuwa Laraba, ni na cinye su. Saboda haka in hannunki ya fara son wani magani fiye da yadda yake son mai ciwon, ki ajiye, ki kira wani ya duba. In kika ji kanki kina cewa gobe sau biyu a jere, to yau ne.

Da a nan na tsaya da na ce kuskure ne irin na ɗan Adam. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Likitan ya ga koren da ke bandeji ya tambaya da Faransanci, cikin faɗa, wa ya sa wannan. Kawunki Bala, da zuciya ɗaya, ya ce akwai tsohuwa mai maganin gargajiya a gidan. Likitan ya juyo gare ni ya ce, "Kai da kake aikin labo ka zuba ido?" Inna tana zaune a kan benci a baranda, riƙe da kwanon kunun da ta dama wa surukarta. Na ce masa, "Ba ta jin magana." Da bakina na faɗa, da Faransanci, don kada ta ji. Ba ta jin yaren, amma ta ga mutum uku sun juyo sun dube ta a lokaci ɗaya. Ta sauke kwanon a ƙasa a hankali.

Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Kafin mako ya zagayo magana ta kai har unguwar Madagaskar. Matan da suka shekara suna kawo mata 'ya'yansu suka daina sallama. Ke kuma kika daina cin abin da ta dafa. Ina kallo ranar da ta miƙo miki dambu tana cewa, "Takwara, zo ki taya ni ci," kika tashi kika bar mata tabarma. Ta ci gaba da riƙe kwanon kamar ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ina tsaye da buta a hannu. Kalma biyar sun isa a lokacin: ni ne, ba ita ba. Na shiga banɗaki.

Bayan kwana arba'in ta ce za ta koma Garwa wurin Gwaggonki. Na raka ta tashar jirgi. Muna jira na buɗe baki, ta riga ni. Ta ce, "Bar shi a kaina. Ni na kusa gama nawa. Kai kana da 'ya da za ta riƙa kallon fuskarka kullum." Na karɓa, Ummi. Na mayar da maganarta izini, na zauna a kai shekara huɗu. Kowace Sallah ina aika mata turmin atamfa, ita kuma tana aiko da kuka da daddawa, tana tambaya ko takwararta ta yi tsawo. Ki kiyayi irin wannan kyauta. In wani ya ce zai ɗaukar miki laifinki don yana sonki, ki gode masa ki ƙi. Ban san rana ɗaya da na ji sauƙi ba, kuma ke na sa kika tsani wadda aka sa miki sunanta.

Daren jiya ban faɗa wa mahaifiyarki ba, da safen nan na faɗa. Tana kan keke tana ƙarasa miki farin kayan makaranta, tana takawa da hagu yadda ta koya wa kanta. Na faɗi komai, har da abin da na ce wa likita. Ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta ciji zaren ta ce, "Malam, ƙafa aka yanke mini, ba ido ba. Na san kwalbarka." Na ce to me ya hana ta magana. Ta ce, "Inna ta sa na rantse. Ni kuma na ce bari in ga shekara nawa zai ɗauke ka." Sai ta ƙara da cewa, "Ni na yafe tun ina kwance, don ba ni da ƙarfin riƙo. Amma ba ni ce zan wanke ka ba. Mutum biyu ne, ɗaya tana haɗa kaya, ɗaya tana Garwa." Ta ci gaba da ɗinki.

Wani tsoron kuma nake ji, kada ki je makaranta ki zama irina ta wata fuskar, ki riƙa yi wa masu ganye tsawa. Dartiriye yana warkar da makero, na gani a faranti, na gani a kawunan yara. Filasko yana sakin ciki da gaske, shi ya sa ba a ba mai juna biyu, ba a ba yaro mai gudawa, ba a kuma mayar da shi abin sha kullum. 'Ya'yan rai-ɗore ɗanye guba ne, suna illa ga hanta, ki gargaɗi iyaye kada yara su tsinka su ci. Dangi ɗaya ne amma kowa da inda ya tsaya. In mai ciwo ya zo miki, ki tambaye shi abin da ya sha ko ya shafa da murya irin ta mai son sani. In kika ɗaure fuska zai ce bai sha komai ba, kuma ke ce za ki yi aiki a makance. Duk wanda ya zo da rauni a ƙafa ya haura arba'in, ki nemi a duba sukarinsa kafin ki yi komai. Kuma ki zana layi. Da biro ma ya yi.

A cikin zanen da na naɗe takardar nan akwai tandun kwallin Kaka da maciyinsa, tsinken da take zana layi da shi. Ta bar shi a kan taga ranar da ta tafi, ban san ko mantuwa ce ba. Yana cikin aljihun tebur ɗina tun lokacin. Ba ni da ikon tilasta miki ki yafe mini, kuma in kin daina amsa wasiƙata na wani lokaci zan gane. Abu ɗaya nake roƙo. Gwaggonki ta aiko cewa Inna ba ta iya fita ƙofar gida yanzu, ƙafafunta suna kumbura. Ni zan zo da kaina da zarar an ba ni hutu, kuma ranar Juma'a mai zuwa zan tsaya a ƙofar shagon Kawunki in faɗa masa a gaban masu zama wurin, domin a nan maganar ta fara yawo. Amma hutu sai bayan wata uku, ni kuma na riga na san abin da jira yake ci. Ke za ki isa jibi.

Ki je kafin ki kwance kayanki. Ki yi sallama, ki durƙusa, ki miƙa mata tandun. Ba ta karatun boko, don haka ki karanta mata takardar nan tun daga farko, kada ki tsallake wurin likita ko da ta ce ki bari, kuma za ta ce. Ki zauna ta ɓangaren damanta, kunnen hagu ba ya ji. In ta ba ki abinci, Ummi, ki ci.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki hannu mai sauƙi da ido mai gani, Ya tsare ki da rana da dare, Ya sa ki same ta da rai da lafiya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki duba kalmasar rigar, ta bar miki ƙari a ciki ko za ki yi ƙiba.

Inna, in takwararki ta kawo nan, ni ne Isiyaku. Layin da kika zana daidai ne. Ni na goge shi.

Mahaifinki,
Isiyaku